Ran 4 ga Agusta za a koma aji, to da me?

Guruf ɗin malaman sakandare na Abuja da kewaye. Litinin 27 ga Yuli 2020, bayan isha'i.

Admin: Assalamu alaikum malamai. Ga wanda bai ji ba, ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da sanarwa yau bayan zaman da suka yi da kwamishinonin ilimi na jihohi da ƙungiyar malamai ta NUT da masu makarantun kuɗi. 'Yan ajin ƙarshe za su koma ran 4 ga Agusta bayan rufe makarantun da aka yi tun Maris saboda korona, WAEC kuma a fara 17 ga wata. Kowa ya faɗi abin da ke ransa amma banda zagi, kuma don girman Allah banda turo bidiyon tafarnuwa da citta, mun gaji

Malam Lissafi (Kubwa): Wa'alaikumussalam. Ni abin da ya ɗaure min kai, ba ran 8 ga watan nan ministan ilimi Malam Adamu Adamu da bakinsa ya ce gara yara su yi asarar shekara guda da a jefa su cikin haɗari ba? Yau kwana 19 kenan. Me ya canja a kwana 19, cutar ce ta ragu ko matsin lamba ne ya yi yawa

Ɗan Firaibet (Mararaba): Alhamdulillah wallahi. Koma menene ya canja Allah ya ƙara canja shi

Malam Lissafi (Kubwa): Kai dai ka ji ƙamshin albashi

Ɗan Firaibet (Mararaba): Eh na ji, kuma ba kunya zan ji ba. Malam ku ƙarshen wata alat yana shigo muku ko kun je ko ba ku je ba, mu tun albashin Maris da aka ba mu rabi ba mu sake ganin ko sisi ba, mai makaranta yace iyaye ba su biya ba shi ma a ina zai samo, kuma gaskiyarsa ne ban ga laifinsa ba. Wata huɗu ina bin gidaje ina yi wa yaran mutane lesin da rana, da yamma in karɓi babur ɗin ƙanina in yi acaba tsakanin Mararaba da Masaka. Sallah jibi-jibin nan, ba maganar rago nake ba, ko atamfa ban iya yi wa maman yara ba. To wace korona ce za ta same ni a aji wadda ba ta same ni a bakin titin Mararaba ba

Hajiya Malamar Hausa: Ɗana Allah ya buɗa maka, wallahi na tausaya. Amma ka saurare ni. Ni saura min shekara biyu in cika 35 a aiki in ajiye, ina da ciwon suga ga hawan jini, kullum sai na sha magani safe da dare. Duk wanda likitoci suka ce cutar ta fi yi wa illa ni ce aka siffanta. Kai in ta kama ka ƙila kwana uku ka yi mura ka miƙe. Ni fa? Ba cewa nake kar a buɗe ba, tambaya nake me aka tanada wa irinmu, domin a sanarwar ban ji an ce uffan a kan malamai masu shekaru ba

Malam Jogirafi (Dei-Dei): Hajiya ki kwantar da hankalinki, ni fa har yau ban ga mai korona da idona ba. Ki shigo kasuwar Dei-Dei ki ga yadda ake cakuɗa, ba takunkumi ba komai, da gaskiya ce da tuni an kwashe mu gaba ɗaya. Cutar masu hawa jirgi ce

Madam Kemistiri (Gwagwalada): Malam Jogirafi ka zo Gwagwalada in nuna maka ƙofar wurin killace mutane a asibitin koyarwa, kullum ta nan nake wucewa. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa da korona ta kashe, a nan Gudu aka binne shi cikin Afrilu, kowa ya gani a talabijin. Kano fa, ka manta yadda aka dinga rasa dattawa ɗaya bayan ɗaya a watan nan na Afrilu? Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum dubu 40 da suka kamu a ƙasar nan, kuma waɗanda aka gwada ne kawai

Malam Jogirafi (Dei-Dei): Ai kin faɗa da bakinki Madam, Abba Kyari daga Jamus ya dawo

Hajiya Malamar Hausa: Dattawan Kano kuma daga ina suka dawo, daga Kurna?

Ɗan Firaibet (Mararaba): Hhhhh Hajiya ta gama da kai

Admin: A dawo kan magana jama'a. Ko akwai ko babu, ran Talata mai zuwa za a ce mu fito. Me muke da shi a ƙasa

Malam Lissafi (Kubwa): Yawwa. Bari in yi muku lissafi tunda aikina ne. Takardar ƙa'idojin da ma'aikata ta fitar a watan nan ta ce tazarar mita 2 tsakanin yaro da yaro. Ajin da nake shiga na taɓa auna shi da tef lokacin da nake koyar da awo, tsawo mita 9 faɗi mita 7. Ka cire gaban allo inda malami zai tsaya, layi huɗu ne a tsaye huɗu a kwance, yara 16 kenan, in ka matsa 20. Ajin nan fa yara 90 da 'yan kai nake da su a ciki, benci ɗaya mutum huɗu, wasu a kan taga. 'Yan SS3 ɗinmu gaba ɗaya sun haura 300, raba da 16, aji 19 ko 20 ake buƙata. To yanzu da sauƙi tunda sauran yara na gida, azuzuwa a buɗe suke, ba wannan ne matsalar ba. Matsalar ita ce darasin da nake yi sau huɗu yanzu sau 20 zan yi shi, mu biyu ne kacal malaman lissafi na manyan aji. Cikin sati biyu. Ga silabas ɗin da ba mu ƙarasa ba tun Maris

Malama Bayoloji (Karu): Kuma ranar jarabawa kowane aji sai an sa mai gadi, wato malamai 20 ko fiye. Kenan zancen wai malaman SS3 kaɗai za su fito bai taso ba, kowa za a kira har su Hajiya

Malam Jogirafi (Dei-Dei): A fito da su fili mana ƙarƙashin bishiya, iska na kaɗawa

Malam Lissafi (Kubwa): A Agustan Abuja? Kai da kake koyar da yanayi

Malama Bayoloji (Karu): Ni duk ba wannan ne ya hana ni barci ba, ruwa ne. An ce yara su wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudana kafin su shiga aji da bayan an fito tara. Makarantarmu borhol ɗinta ya lalace tun kafin a ji sunan korona, an rubuta takarda an gaji. Mai ruwa muke kira ya turo kura, mu malamai ne ma muke haɗa kuɗin don banɗakin ofis. Banɗakin yara kuwa kar ma in ɓata muku dare. Yanzu ka ɗauka an kawo bokitin nan mai famfo guda goma an jera a bakin get, an ɗauki hoto an tura wa manya, wa zai cika shi ran Laraba? Wa zai sayi sabulu in na farko ya ƙare? Bokitin ba shi ne tsada ba, cika shi kullum ne aikin

Oga VP: Malama kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ban cika magana a nan ba amma yau dole. Har zuwa tashinmu ɗazu ba mu ga ko ƙwayar sabulu ba, ba takarda a rubuce, a waya muka ji kamar yadda kuka ji. Kuma ku duba kalanda, gobe Talata, jibi Laraba, Alhamis Arfa, Juma'a Sallah, sai Litinin 3 ga wata. Kwana uku kenan na aiki. A cikinsu za a yanke ciyawar da ta kai ƙugu, a yi feshi, a gyara rufin da iska ta yaye a farkon damina, a raba kujeru. Ba a fafe gora ranar tafiya amma mu kullum haka ake sa mu yi. In na ce a taɓa kuɗin PTA a ce an hana karɓar ko kwabo daga iyaye, in ban taɓa ba masu duba makarantu su zo su rubuta cewa ba mu shirya ba, ni za a ba takardar tuhuma

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take karanta min tana rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Abin nan da kuke faɗa duk mun gan shi a 2014 lokacin Ebola. Mutumin nan ɗan Laberiya ya shigo da ita Legas cikin Yuli. Malam Ibrahim Shekarau ne ministan ilimi, aka fara cewa ba za a koma ba sai 13 ga Oktoba, can kuma aka dawo da shi 22 ga Satumba. NUT ta ce malamai kar su fita sai an kawo na'urar auna zafin jiki da kayan wanke hannu an horar da mutane. Aka yi ta ja-in-ja. A makarantar da nake lokacin an kawo na'ura guda biyu da bokitai, aka tura malamai biyu bita ta kwana ɗaya. Sati na farko har layi ake yi a bakin get. Sati na uku batir ya mutu ba wanda ya sayi wani. Da aka ce Najeriya ta rabu da Ebola cikin Oktoba, bokitan nan masu shara suka ɗauke suna goge-goge da su. Da an riƙe abin tun lokacin da yau ba ku fara daga farko ba

Hajiya Malamar Hausa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi kamar kana makarantarmu, na'urar tamu tana nan cikin durowar firinsifal in ba a jefar ba

Baba Mai Ritaya: Amin 'yata. Bambancin shi ne Ebola ba ta ɓuya, mai ita a kwance yake. Wannan kuwa an ce yaro zai zo da ita garau yana dariya

Malama Bayoloji (Karu): Haka ne Baba, kuma shi ya sa na'urar ma ban ba ta amana sosai ba. Wanda ke ɗauke da cutar ba alama zai wuce ta lafiya lau. Wanda za ta kama kuwa mai zazzaɓin cizon sauro ne, tsakiyar damina muke, a aji ɗaya sai ka samu yara biyar shida jikinsu da zafi. To ranar jarabawa yarinya ta zo na'ura ta yi ƙara, me zan yi da ita? In kore ta ta rasa Ingilishi ta jira baɗi? In bar ta ta shiga cikin 'yan uwanta? An ce a ware ɗakin jinya, mu ɗakin jinyarmu an mai da shi sito shekara uku kenan, nas kuwa ba mu taɓa gani ba. In ma an ɗauki samfur an kai ɗakin gwajin NCDC na Gaduwa ba a ranar sakamako zai fito ba

Madam Kemistiri (Gwagwalada): Ni kuma ku zo ku ji nawa. Firaktikal na kemistiri. Kun san yadda yaranmu suke jan ruwan sinadari da fifet, da baki suke zuƙa, don ba mu da robar nan da ake matsawa. Fifet ɗina masu lafiya 24 ne, yara sun fi 100, rukuni-rukuni suke shiga, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka ya sa a baki. Shekara da shekaru haka muke yi ba wanda ya ce komai, ni ma sai da korona ta zo abin ya fara ba ni tsoro. Yaro ba zai zuƙa da takunkumi a fuska ba ai. Ko dai a saya mana robar, ko a ba ni isasshen lokaci da ruwa da sinadarin wankewa tsakanin rukuni da rukuni. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta mita 2 bai taɓa tunanin fifet ba

Malam Jogirafi (Dei-Dei): To wannan kam ko ba korona ƙazanta ne

Madam Kemistiri (Gwagwalada): Mun gode da ka yarda da abu ɗaya yau

Ɗan Firaibet (Mararaba): Duk na ji, kuma ban ƙaryata kowa ba. Amma ku ma ku ji. An buɗe masallatai da coci tun Yuni, an buɗe hanyoyin jihohi 1 ga Yuli, jirage sun tashi 8 ga wata, 'yan siyasa sun yi zaɓen fid da gwani a Edo. Makaranta kaɗai korona ta sani? Yaran nan da kuke tsoron su haɗu a aji suna ina yanzu, suna cikin firij? Suna talla a gosulo ɗin Nyanya, suna gidan kallo, suna gareji. Cikin 'yan SS3 ɗina yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari an kawo kuɗin aurenta, babanta yace ba zai zauna jiran gwamnati ba. Wasu maza biyu sun bi mota Legas. In aka ƙara wata uku wallahi ko an buɗe ba za mu ga rabinsu ba

Hajiya Malamar Hausa: Wannan gaskiya ne ɗana, ni ma ina da irinsu, ɗaya har ta kira ni tana kuka. Karatun rediyo da na waya da ake ta faɗa 'ya'yan Maitama da Asokoro ya yi wa amfani. Yaron da wayar gidansu ɗaya ce kuma tana aljihun babansa a kasuwa me ya samu

Malam Lissafi (Kubwa): Ni na buɗe wa 'yan ajina guruf a WhatsApp, yara 90 da wani abu, 23 suka shiga, masu turo amsa ba su kai goma ba. Da datata. Na haƙura bayan ƙaramar Sallah

Kofa (Lugbe): Ina yini iyayena, ni sabuwa ce a nan. Na ga Kenya sun soke shekarar karatun gaba ɗaya sai Janairu. Ghana kuma sun mai da 'yan ajin ƙarshe tun Yuni, ba a jima ba aka samu masu cutar a wata makarantar 'yan mata a Accra har iyaye suka je bakin get suna neman a ba su 'ya'yansu. Wanne ya fi a ciki

Malam Lissafi (Kubwa): Ƙanwata Kenya jarabawarsu tasu ce su kaɗai, za su iya ɗaga ta yadda suke so. Mu WAEC ƙasa biyar ce, mu da Ghana da Saliyo da Laberiya da Gambiya. Tun Afrilu ya kamata a yi ta. In muka ce ba za mu yi ba sauran su yi, yaranmu da suka ci JAMB cikin Maris da wane sakamako za su nemi gurbi

Malam Jogirafi (Dei-Dei): Wace jami'ar, ASUU na yajin aiki tun Maris

Malam Lissafi (Kubwa): Kai yau dai sai ka ja ni

Oga VP: Akwai abin da ba wanda ya ambata, zuwa makarantar ma. Rabin malamaina a Suleja da Madalla da Zuba suke, wasu Masaka. An ce direbobi su rage fasinja, suka rage suka ƙara kuɗi, da aka kwana biyu suka koma cusa mutum huɗu a baya kuɗin kuma bai sauko ba. Malami zai yi awa ɗaya da rabi kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba, ya sauko in tsare shi a get in ce ya ba da tazarar mita 2. Ni kaina kunya nake ji

Hajiya Malamar Hausa: Ranka ya daɗe tunda ga ka a nan, ni roƙona ɗaya. Masu shekaru da masu ciwo a cire mu daga gadin jarabawa. Ni zan zo in yi bitar adabi da nahawu daga bakin allo, taga a buɗe, ba zan zagaya cikin yara ba, ba zan karɓi littafi in yi maki ba. Amma tsayuwar awa uku cikin ɗaki ana raba takarda ana karɓa hannu da hannu, a bar wa matasa. Annabi ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, to ni nawa ɗaurin kenan

Oga VP: Hajiya a makarantata zan iya, ni ke rubuta jadawalin masu gadi. Taki kuwa sai firinsifal ɗinku, kuma in ba a rubuce abin ya zo daga sama ba kowa yadda ya ga dama zai yi. Shi ya sa nake ganin ƙungiya ce ya kamata ta nema a rubuce

Madam Kemistiri (Gwagwalada): NUT ai tana cikin zaman da aka yanke ranar. Kuɗin ƙungiya duk wata ana cira. Su faɗa mana da wane sharaɗi suka amince

Ɗan Firaibet (Mararaba): Ku dai kuna da ƙungiya. Mu in ka ce sai an kawo sanitaiza za ka shiga aji, gobe ka tarar da wani a kujerarka

Kofa (Lugbe): Ni zan iya tsayawa gadin a madadin Hajiya in makaranta ɗaya muke

Hajiya Malamar Hausa: Allah ya yi miki albarka 'yata, ya ba ki miji nagari. Tsakaninmu akwai nisa amma ki nemi wata tsohuwar a taku makarantar, ba za a rasa ba

Talata 28 ga Yuli, da safe

Admin: Barkanku da asuba. Na karanta duka. Ga shawarata, kowa ya shiga makarantarsa yau ko gobe ya duba da idonsa ya turo min: yawan 'yan SS3, azuzuwa nawa ne ba sa yoyo, akwai ruwa ko babu, in babu nawa ake kashewa wajen mai ruwa a rana, da malamai nawa ne suka haura 55 ko suke da ciwo, ba sai an sa suna ba. Zan haɗa in kai wa wakilinmu na ƙungiya kafin hutun Sallah, in ya so ya san inda zai kai. 'Yan firaibet ku ma ku turo, ba zan rubuta sunan makaranta ba

Malama Bayoloji (Karu): A ƙara da tambayar nan tawa, yaron da jikinsa ya yi zafi ranar jarabawa ina zai zauna, kuma wa zai yi gadinsa

Madam Kemistiri (Gwagwalada): Da robar fifet

Malam Jogirafi (Dei-Dei): Ni dai har yanzu ina kan bakana. Amma akwai wani a kasuwarmu yana sa wa bokiti famfo, in da masu so a haɗa kuɗi in karɓo da araha

Hajiya Malamar Hausa: Mai cewa babu korona ya zama dillalin bokiti

Malam Jogirafi (Dei-Dei): Hajiya neman halak ne

Oga VP: Yanzu aka kira firinsifal ɗinmu taro ƙarfe 11. Na ba shi maganar ruwa da ta masu shekaru a rubuce a takarda, ya sa a aljihu. In ya dawo zan faɗa muku ko an ba su wani abu

Malam Lissafi (Kubwa): Ni na iso makaranta. Aji shida rufinsu ya tafi, ɗaya awaki sun haihu a ciki. Saura 14 kenan, sai na sake lissafin